Mota a Cikin Rairayi

Tun da aka kafa Gonin Gora ba a taɓa yin namiji mai ƙarfin zuciya irin Mista Benson Gofwan ba. Wannan ba jita-jita ba ce. Shi da kansa ya faɗa, a majami'u uku, da makirfo a hannu, kuma babu wanda ya miƙe ya ƙaryata shi.

Labarin kowa ya haddace shi. A watan Afrilu yana dawowa daga Kakau da la'asar, shi da 'yarsa Nanret mai shekara bakwai, sai 'yan bindiga suka tare hanya. Direbobi suka watsar da motocinsu suka faɗa daji. Shi kaɗai ya tsaya. Ya kwanta a kan yarinyar, ya rufe ta da jikinsa, yana rera waƙar yabo har sojoji suka iso. A majami'ar farko 'yan bindigar su biyar ne. A ta uku sun kai goma sha biyu, kuma ɗayansu ya dube shi ido cikin ido ya sauke bindiga. Ranar Lahadi mai zuwa za a yi sujadar godiya ta musamman, a naɗa shi dattijon ikilisiya. Har an buga riguna da hotonsa.

Talatu Audu ta ga rigar da safiyar Alhamis a jikin wani mai keke-napep, tana tsugune a ƙofar shagonta a Kudenda tana tankaɗe rairayi. Ta bi hoton da kallo har ya sha kwana. An gyara masa fuska da kwamfuta, an rage masa haɓa.

"Kin ga mutuminki?" in ji Hauwa mai ɗinki, wadda shagonta ke manne da na Talatu. "An sa shi a riga kamar mai neman kansila."

"Na gani."

"Ba za ki sayi ɗaya ba? Ko don goge ƙasa."

"Ledata sabuwa ce, Hauwa. Ba na so ta ɓaci."

Shekara tara Talatu ta yi tana koyarwa a makarantar Mista Benson, makaranta mai azuzuwa huɗu da tuta biyu da kalmar International a jikin katanga. Shekara biyu da suka wuce, bayan wani hari da aka kai wata unguwa a bayan gari, ta lura 'yan ajinta sun daina zana gida da bishiya, sai bindiga. Wasu suna fitsari a zaune. Ta tara 'yan tsana da motocin roba a kwali, ta riƙa fita da yaran ƙarƙashin mangwaro rabin awa kullum, suna ginin laka. Mako uku ta yi. Ranar wata Litinin, a taron safe, Mista Benson ya sa maigadi ya ɗauko kwalin ya ajiye a tsakiyar fili, ya yayyafa masa kananzir. Ya ce iyaye ba su kawo 'ya'yansu makarantarsa don su koyi kwaɓa laka ba, kuma yaron da ke cin abinci sau uku ba shi da wata damuwa. Ya ƙyasta ashana da hannunsa. Sannan ya ce yara su tafa, suka tafa. Kafin ƙarfe tara ta karɓi takardar sallama.

Talatu mace ce mai zuwa coci, ta san abin da aka ce game da gafara. Ta gafarta wa tsohon mijinta, ta gafarta wa ƙanwarta, ta gafarta wa likitan da ya cire mata haƙorin da ba shi ke ciwo ba. Benson kuwa ta ajiye shi gefe guda, yadda mai cin tuwo ke ajiye tsokar da ta fi kyau sai ƙarshe.

Bayan sallamar ta sayar da zoɓo, ta sayar da gwanjo, daga baya ta samu shiga wani horo na wata shida da wata ƙungiyar mata ta shirya kan yadda ake jinyar damuwar yara ta hanyar wasa. Malamarsu, Dakta Hadiza, mace ce mai ƙaramar murya da dokoki masu tsauri. Ba a jan yaro, bin sa ake yi. Ba a yi masa tambaya kai tsaye. In ya ƙi magana da mutum, a yi magana da 'yar tsanar da ke hannunsa, wata rana ita za ta amsa. Abin da yaro ya gina a cikin rairayi kuwa nasa ne, ba a nuna wa kowa, sai in ransa yana cikin haɗari. Talatu ta rubuta duk wannan da jan biro. Ita ta zo ta ɗaya.

Ta buɗe wurinta ranar Litinin ɗin da aka fara dogon hutu, daidai lokacin da kowace makaranta a kudancin Kaduna ta rataya ƙyallen tallan lesin, don kada yara su saba da hutawa. Shagon tsohon wurin aski ne. Ta raba shi biyu da katako: gaba benci na iyaye, ciki ɗakin wasa, da kanta cike da kayan roba da akwatin rairayi guda biyu da kafinta ya yi mata, kowanne da murfinsa. Yara bakwai aka kawo. Uba ɗaya ya tambaya ko za a ba da sakamako a ƙarshen hutu, da na nawa ɗansa zai zo. Wata uwa ta leƙa ta ga 'yarta tana dafa wa 'yar tsana tuwon yashi, ta ce in dai wannan ne akwai yashi a gidansu kyauta.

Ta bakwai ɗin ita ce Nanret. Uwarta, Lydia, ta kawo ta da jakar cefane a hannu, don a gida ta ce kasuwa za ta je.

"Anti Talatu, na san abin da ya yi miki," in ji ta a ranar, ba ta ɗaga ido ba. "Ba ni da bakin roƙonki. Amma tun Afrilu yarinyar nan ba ta ce uffan ba. Ko Mama. Mun je asibiti, sun ce maƙogwaronta lafiya lau."

"Shi Oga me ya ce?"

"Ya ce natsuwa ce. Wai ta ga ikon Allah da idonta, shi ya sa."

Talatu ta dubi yarinyar. Tana da goshin ubanta, amma wannan ba laifinta ba ne.

"Ki kawo ta kullum ƙarfe goma," in ji ta.

Yau kwana na huɗu. Ƙarfe goma saura suka iso. Lydia ta shige shagon Hauwa ta zauna kusa da keken ɗinki, inda ba a hango ta daga titi. Nanret ta cire takalmanta ta jera su a bakin ƙofar ciki, ta wuce gaban kanta ba tare da ta dubi kowa ba.

Abu huɗu take ɗauka, kullum su ne. Jar mota mai ƙofa da ke buɗewa. 'Yar tsana ƙarama mai kitso biyu. Sojojin roba uku, waɗanda take riƙewa da yatsu biyu kamar masu zafi. Sai wani ango mai baƙar kwat, wanda Talatu ta cire daga kan kek ɗin bikin wata 'yar zumunta. Ta zauna gaban akwatin, bayanta ga ƙofa. Ta ja layi da yatsa daga wannan gefe zuwa wancan, hanya ke nan. Ta tara tudu a kusurwa ta kakkafa masa tsinken tsintsiya. Ta sa ango da 'yar tsana a mota, ta tura su a hankali har gaban masu bindiga.

Sannan ta buɗe ƙofar mota, ta ciro ango, ta rufe ƙofar. Ta tsallaka da shi rairayin da sauri, tsalle huɗu, ta cusa shi bayan tudu, ta tura masa yashi har wuya.

Daga nan sai zama. Wannan ne ɓangaren da ya fi tsawo. Takan naɗe hannu ta zuba wa motar ido minti goma, minti goma sha biyar, injin masana'antar da ke bayan layin yana ta gurnani, ita ko motsi.

Ranar Litinin Talatu ta ce wa kanta kada ta yi gaggawar fassara, yara suna gina abin da suke tsoro, ba lallai abin da ya faru ba. Ranar Talata ta sake faɗa wa kanta haka. Ranar Laraba, da Lydia ta zo ɗaukar yarinyar, Talatu ta tambaye ta, kamar mai hira, yadda Oga ya dawo gida ran nan.

"Da takalmi ƙafa ɗaya," in ji Lydia. "Wandonsa duk ƙaya." Ta gyara jakar cefane. "Ni ban tambaya ba."

Yau Talatu ta zauna a gefen akwatin, ta bar minti biyar suka wuce. Ba ta dubi Nanret ba, motar ta duba.

"'Yar ƙaramar nan ta daɗe a ciki," ta ce a hankali.

Yarinyar ta miƙa yatsa ta taɓa rufin motar. Sai wata siririyar murya ta fito, a shaƙe, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba.

"Tana jira."

Talatu ta yi abin da aka koya mata, ta maimaita kawai. "Tana jira."

"Ya ce yana zuwa." Yatsan yana shafa rufin motar. "Ya ɗauki wayarsa."

Farin ciki iri biyu ne ya shigo wa Talatu a lokaci guda. Na farko na mai aiki ne da aikinta ya ci: kwana huɗu, da rairayin kogi da angon kek, ta yi abin da asibiti ya kasa. Na biyun ba shi da suna mai kyau, kuma ya fi na farkon girma. Ta zauna tana jin su duka biyun, har Hauwa ta ɗaga labulen gaba ta yafito ta da hannu, idanu waje.

Talatu ta fito ta ja ƙofar ciki ta rufe.

Mista Benson yana tsaye a bakin shagon cikin farar shadda. Tun da aka sa ranar naɗinsa ya rage murya, yana magana ƙasa-ƙasa kamar mai ciwon haƙori, don haka ko tsawar da yake yi wa matarsa a hankali yake yin ta. Lydia tana tsaye da jakar cefane wadda babu komai a ciki. A gefen Benson akwai Baba Yahaya, tsohon ma'aikacin masaƙa, mai wannan layin shagunan gaba ɗaya, kuma shugaban dattawan da za su ɗora wa Benson hannu ranar Lahadi. Iyaye mata biyu da ke jiran layi a benci suka gyara zama. Sun zo jinya, ga shi za a ba su kallo a kai.

"Sannu da zuwa, Baba," in ji Talatu, ta rusuna. "Oga, ina kwana."

"Ba gaisuwa ta kawo ni ba, Madam. Ina 'yata?"

"Tana ciki. Saura minti ashirin ta gama."

"Ta gama me?" Ya juya ga tsohon. "Ka ji ko, Baba? Wani malamin makarantata ya leƙa ta gefen labulen taga ya ga abin da ake yi a nan. Ana ba yara mutum-mutumi suna binnewa a ƙasa. Mutum da kwat ɗinsa, a binne shi har wuya. In wannan ba tsafi ba ne, mene ne? Kuma a makon da za a naɗa ni. Matar nan ta daɗe tana nema na."

Wannan jimla ta ƙarshe ita ce gaskiya ta farko da Talatu ta taɓa ji daga bakinsa.

Baba Yahaya ya yi gyaran murya. Mutum ne da ba ya son rigima kafin azahar.

"'Yata, ni ban ce na yarda ba. Amma ƙara aka kawo mini, kuma ginin nawa ne. Gobe a ce a shagon dattijon ikilisiya ake binne mutane, ina zan sa kaina? In babu abin ɓoyewa, mu gani. In kuwa akwai, ƙarshen wata ki kawo mini makullina."

Talatu tana da hanyoyi, kuma ta san su duka. Akwai satifiket ɗinta a jikin bango, da hatimi. Akwai lambar Dakta Hadiza, wadda za ta iya yi wa Baba Yahaya bayani cikin minti uku har ya nemi a sa jikokinsa. Akwai akwati na biyu, wanda babu ginin kowa a ciki, za ta iya fito da shi nan waje tsohon ya tona da hannunsa. Akwai murfin katako da aka yi domin irin wannan rana. Za ta iya cewa su jira minti ashirin, yarinya ta fito, a rufe abin da ta gina. Duk wannan ta lissafa a tsaye, kuma har ta buɗe baki za ta ce su jira.

"Na taɓa ƙone mata irin waɗannan tarkacen," in ji Benson, yana murmushi ga matan benci. "Ban san ta koma ta tsince tokar ba."

Ɗaya daga cikin matan ta yi 'yar dariya, don ladabi.

Talatu ta rufe bakinta. Da ta sake buɗe shi, muryarta ta yi laushi ƙwarai.

"Ku shigo, Baba. Sharaɗi biyu ne. A cire takalmi, kuma ba mai magana. Yarinya tana aiki."

Ta tsaya ta kalli Mista Benson yana sunkuyawa da ƙyar yana kwance igiyar takalmi. Ta tura ƙofar ciki a hankali, ta bar ta a wangale. Tagar ɗakin tana kallon barandar Hauwa, kuma labulenta a sauke yake tun Litinin. Ta ɗage shi, wai don haske. Hauwa tana wurin, da almakashi a hannu.

Nanret ba ta juyo ba. Tana zaune yadda aka bar ta, bayanta ga ƙofa, yatsanta a kan rufin mota. Mutanen suka jeru a bayanta: tsohon, Benson, Lydia, da kawunan matan benci biyu. Benson ya hango angon a bayan tudu, ya zunguri Baba Yahaya da gwiwar hannu, ya nuna da haɓa. Ga hujja.

Talatu ta durƙusa a inda ta tashi. Ta yi amfani da murya ɗaya da ta ɗazu, wadda ta yi wata shida tana koyo, mai sa yaro ya ji babu kowa a duniya sai shi da abin wasansa. Ta dubi motar.

"'Yar ƙaramar nan, wa take jira?"

Tambaya ce kai tsaye, irin wadda ta ja wa layi da jan biro. Amma kwana huɗu yarinyar ta yi tana gwada matar nan, kuma matar ba ta taɓa gyara mata gini ba, ba ta taɓa cewa ta yi sauri ba.

"Baba."

A bakin ƙofa Lydia ta toshe bakinta da jakar cefane.

"Ina Baban yake?"

Nanret ta nuna tudun.

"Ya gudu. Ya ce in kwanta in yi shiru, yana zuwa. Na yi shiru. Na yi shiru sosai. Bai zo ba. Wani soja ne ya buɗe ƙofa. Da Baba ya zo sai ya ce in ci gaba da yin shiru."

Kukan da Lydia ta danne ya ƙwace mata. Yarinyar ta juyo.

Ta ga uwarta. Ta ga tsoho da hula a hannu, don Baba Yahaya ya cire ta bai sani ba. Ta ga baƙin mata biyu, ta ga Hauwa a taga. Sannan ta ga ubanta a tsaye cikin safa, bakinsa a buɗe.

"Innalillahi," in ji Hauwa, a hankali, amma da irin muryar da ke nuna kafin la'asar labarin zai ƙetare gadar kogin Kaduna.

Masu cewa ramuwa ba ta da daɗi ba su taɓa samun mai kyau ba. Shekara biyu Talatu tana tsara wannan fuska a ranta, a cikin bas, a layin famfo, a tsakiyar wa'azi, kuma ta gaske ta fi duk waɗanda ta tsara. Haɓar da kwamfuta ta rage ta dawo, tana rawa. Zufa ta fito masa a goshi ta gangara cikin kwalar shadda. Ya nemi inda zai ajiye idonsa a ɗakin, ko'ina akwai mutum.

Talatu ta miƙe, ta karkaɗe gwiwoyinta.

"Tsafin ke nan, Baba. Ka gani da idonka." Ta juya. "Oga, ko a kawo kananzir?"

"Yarinya ce," in ji Benson. Muryar dattijon ta gudu ta bar shi, wata 'yar siririya ce ta rage. "Wasa take yi. Baba, wasan yara ne."

"Wasa ne," in ji Talatu. "Ai kai ka koya mana babu komai a cikinsa."

Baba Yahaya ya daɗe yana juya hularsa. Shi ne ya zauna a layin gaba a majami'u ukun nan duka, kuma a ta biyu har hawaye ya yi.

"Benson," ya ce, ba Mista, ba komai. "Ka same ni a gida bayan la'asar. Kai kaɗai. Batun Lahadi, kada a ƙara buga riga." Ya maida hular kansa. "'Yata, riƙe makullinki."

Shi ke nan. Ta ci shagon, ta ci Benson, duk kafin sha ɗaya na safe. Ɗaya daga cikin matan benci ta riga ta ciro waya daga cikin zani.

Babu wanda ke kallon Nanret sai ubanta, kuma ba kallon fushi ba ne. Da fushi ne da ta san yadda za ta yi da shi. Kallon mutum ne da aka tuɓe a kasuwa, yana duban wanda ya ja masa wando. Yarinyar ta daɗe tana karanta fuskar. Daga nan ta dubi Talatu, sau ɗaya, ta dubi labulen da aka ɗage.

Ta juya ga akwatin. Ta tono angon daga bayan tudu, ta hure masa yashi, ta goge masa kwat da bakin rigarta. Ta buɗe ƙofar mota ta kwantar da shi a kan 'yar tsana. Bai shiga ba, ƙafafunsa sun yi tsawo. Ta danna, ta sake dannawa da tafin hannu biyu, har wani abu ya yi ƙas a ciki, ƙofar ta rufu.

Ta miƙe tsaye, ta sa hannu a baya yadda ake yi a taron safe. Wannan karon ba muryar 'yar tsana ba ce, tata ce, da ƙarfi, kalma bayan kalma.

"Baba bai gudu ba. Ya kwanta a kaina. Yana waƙa. Ƙarya na yi."

Babu wanda ya yarda a ɗakin, kuma kowa ya gyaɗa kai. Baba Yahaya ya ce, "To, 'yata, to," ya fita neman takalminsa.

Lydia ta zube a gabanta ta kama fuskarta da hannu biyu.

"Nanret, sake magana. Ce Mama. Don Allah ce Mama, sau ɗaya."

Yarinyar ta bar ta ta gama. Leɓɓanta a haɗe, ba a matse ba, a haɗe kawai, kamar na wanda ya kammala abin da ya zo faɗa.

"Nanret," in ji Talatu. Ta ɗauko wata 'yar tsana daga kanta, ta durƙusa, ta ɗaga ta daidai fuskar yarinyar, ta nemo muryar nan mai laushi. "Wannan tana so ta ce..."

Nanret ba ta dubi 'yar tsanar ba. Ta dubi Talatu ne, ido cikin ido, har sai da Talatu ta sauke hannunta.

A waje mutane sun ƙaru. Mai wankin mota ya zo, mai sayar da kati ya zo, mata uku daga layin baya sun tsaya da bokitai a ka. Labarin ya riga mai shi fita. Mista Benson ya zauna a benci yana neman sa takalmi, yatsunsa sun ƙi kama igiyar. Ya gwada sau biyu.

Nanret ta sa nata takalman. Ta tsuguna a gabansa ta ɗaure masa igiyar, ƙafar dama, sannan ta hagu, ɗauri biyu-biyu don kada ta kwance. Ta kama yatsunsa ta ja shi ya miƙe. A bakin ƙofa ta tsaya ta dubi taron. Sannan ta shiga gaba, ta sa shi a bayanta, ta bi ta tsakiyar matan da shi, ita ce tsakaninsa da idanunsu, duk da tsayinta bai wuce aljihun rigarsa ba.